Kyamara Na Kallon Mai Doki: Tarihin Fim da Makaɗan Damagaram

A 2026 abu biyu ke cika shekara 100 a tarihin Damagaram. Na farko kowa ya san shi, don har yau in aka taɓo shi a majalisa sai an ga fuskokin dattawa sun canza: a 1926 ne Faransawa suka ɗauke hedikwatar Nijar daga Zindar suka mayar Yamai. Na biyun kuwa ba kasafai ake tuna shi ba. A shekarar ce aka haska wa mutanen Faris wani dogon fim mai suna La Croisière noire, labarin ayarin motocin kamfanin Citroën da ya keta Afirka, wanda ya yada zango a Zindar a ƙarshen 1924. Fim ɗin bebe ne. Duk abin da aka busa, duk abin da aka kaɗa domin tarbar baƙin nan, bai bi su gida ba.

Abin da ya sa na tono wannan shi ne gardamar da ta ƙi ƙarewa tun fitowar fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder a 2021. 'Yar garin ce, ta shiga unguwar Kara-Kara ta zauna da samarin da ake shakka, ta fito da aikin da ya zaga duniya. Masu yabo suka yaba. Masu gunaguni kuma suka ce, duk faɗin Damagaram, garin Tanimun, garin kakaki da algaita, a rasa abin nuna wa duniya sai masu ɗaga ƙarfe da masu fasa-ƙwaurin fetur? Ni ban ga laifinta ba. Ta yi fim ɗin da ya dame ta, ta kuma yi shi da kyau. Amma a ƙarƙashin gunagunin akwai tambayar da ta fi shi nauyi. Kuba tana da Buena Vista Social Club, Jamaika tana da The Harder They Come, an yi wa Fela nasa tun 1982, maƙwabtanmu na Agadas ma sun samu rabonsu. Me ya hana makaɗan Damagaram samun fim ɗin da zai shiga wannan sahu?

Ba sai an daɗe a kan asalin kiɗan fada ba. Gidan sarautar ya faro ne wajajen 1730, ya girma a ƙarƙashin inuwar Barno, Sarki Sulaiman ya maido fada Zindar a farkon ƙarni na 19. Zama tsakanin Barno da ƙasar Hausa ya sa fadar ta gaji kayan busa da kiɗa ta ɓangarorin biyu. Shi kakaki Tarihin Kano ya ambace shi tun zamanin Muhammadu Rumfa. Cikin matafiya Turawa, James Richardson ya zo a 1851, Heinrich Barth ya biyo a ƙarshen 1852, hankalinsu ya fi karkata ga kasuwa da bayi da hanyar Azbin. Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera masa manyan bindigogi. Abu ɗaya nake so a riƙe daga wannan dogon zamani: kakaki da tambari ba kayan nishaɗi ba ne, kayan sarauta ne, layinsu ɗaya da takobi da laima. Ba a busa wa talaka kakaki ko da ya fi sarki dukiya. Makaɗin fada bara ne, a hannun ubangidansa yake samun gida da doki da riga da hatsi. Waƙa tana da mai ita, kuma mai ita ba shi ne mai rerawa ba.

A kan wannan na gina amsata. Kyamara ba ta taɓa shigowa Damagaram da ƙafarta ba, kullum wani ne ya aiko ta, ita ma bara ce. Bara kuwa fuskar ubangidansa yake kallo. Makaɗi na kallon mai doki, kyamara na kallon mai doki, su biyun suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya juyo ya dubi ɗan'uwansa.

A duba ayarin Citroën. Lokacin da motocin nan takwas suka iso, shekara 25 ke nan da Faransawa suka ci garin a 1899, bayan kisan Kyaftin Cazemajou da yaƙin Tirmini. Sun tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa a 1906 bisa zargin shirya tawaye, suka bar gari a hannun Ballama a matsayin riƙo, sai a 1923 aka naɗa Barma Mustafa. Wato sarautar ba ta daɗe da dawowa gidanta ba. Shugabannin ayarin, Haardt da Audouin-Dubreuil, sun taho da mai shirya fim, Léon Poirier, da mai zane, Alexandre Iacovleff, wanda ya zana hoton sarkin. Tafiyar talla ce: a nuna wa Turai cewa motar Citroën na iya keta hamada da kurmi, a kuma nuna faɗin daular Faransa. Saboda haka mota ce jarumar fim, sarakuna da dawakinsu ado ne a gefenta, masu kiɗa kuwa ado ne a gefen adon. Da aka je haskawa a Faris, makaɗan Turawa ne suka zauna a gaban allo suna cike gurbin sautin da aka baro. Shekara ɗaya bayan haka, a 1927, Amurka ta fitar da The Jazz Singer, fim ya fara magana, kuma da waƙa ya buɗe baki. Mu kuma abin da ya iso mana shi ne dokar Laval ta 1934, wadda ta hana kowa ɗaukar fim a ƙasashen Faransa na Afirka sai da izinin gwamna.

Daga nan sai a tsallaka zuwa Jean Rouch, domin duk wanda zai yi zancen fim da kiɗa a Nijar dole ya bi ta ƙofarsa. Injiniyan hanya ne da ya zo a 1941, ya dawo bayan yaƙi da wata 'yar kyamara da ake murza wa zare, wadda ba ta kai rabin minti tana juyawa ba sai ta tsaya. Ba a ɗaukar waƙa da irin wannan. Fim ɗinsa na farko, Au pays des mages noirs na 1947, kamfanin da ya saya ya yamutsa shi, ya ɗora masa kiɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya sa mai sharhin wasanni ya yi bayani a kai. Darasin gaske kuwa a Ayoru ya same shi a 1954, ranar da ya nuna wa masunta Sarkawa fim ɗin da ya yi a kan farautar dorina. Ya sanya kiɗa a wurin da ake bin dorina don ya ƙara wa abin armashi. Masuntan suka ce masa bai kyauta ba: dorina na ji a cikin ruwa, kiɗa zai ƙara mata ƙarfin hali, ai shiru ake yi a wannan wuri. Ya cire. Ina son wannan labari don ya nuna cewa mutanenmu ba su taɓa ɗaukar kiɗa a matsayin abin yaryaɗawa a kan hoto ba. Kiɗa aiki yake yi, kuma akwai wanda ake yi wa.

Sai wajajen 1960 aka samu kyamara marar nauyi da rikoda ta Nagra da ke tafiya tare, sauti da hoto a lokaci guda. Da ita aka yi Monterey Pop da Woodstock a Amurka, William Klein ya ɗauki bikin al'adun Afirka na Aljiyas a 1969, aka ɗauki wasan Soul to Soul a Akara a 1971. A shekarar 1971 ɗin ce Rouch ya shiga ƙauyen Simiri na Zarmaganda ya ɗauki Tourou et Bitti: kusan minti goma ba yanka, kyamara a kafaɗa, ya ratsa ya shiga fili inda aka kwana uku ana kiɗa iska ba ta hau kowa ba, ya je har gaban tsofaffin gangunan da fim ɗin ya ɗauki sunansu. Ga shi nan, a ƙasarmu, da nadin fim guda. Amma galibin aikin Rouch a bakin kogi ya yi shi, cikin Zabarmawa da Sanwai, sai kuma Dogon na Mali. Ƙasar Hausa ta gabas ba ta samu irin wannan ido ba, ko da yake a hanyarta ajali ya same shi, a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004.

Abin da Damagaram ta samu a wannan zamani shi ne akasin na 1924: sauti ba hoto. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958. Tolia Nikiprowetzky ya zaga ƙasar a farkon shekarun 1960 yana naɗar kiɗa, aka fitar da faifai a ƙarƙashin kamfanin Ocora na Faransa. Daga baya kaset ya zo ya gama gari. Ta wannan hanya ce muryar Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, ta shiga gidajen da mai ita bai taɓa takawa ba, har Kano da Katsina. Jama'a da yawa sun haddace amshinsa ba su san kamanninsa ba.

Wani zai ce ai kiɗa na kunne ne, me aka rasa? An rasa da yawa. Ka tsaya kusa da mai algaita ranar hawan salla. Ya kafa ɗan faifan nan a leɓɓansa, bakin algaitar ya shige ciki gaba ɗaya, kumatunsa sun kumbura har fatar na sheƙi. Sautin ba ya yankewa, domin yana jan iska ta hanci a daidai lokacin da yake tura wadda ya tara a kumatu, maƙogwaro na motsi, jijiyar goshi ta tashi, yatsu na rawa a kan ramuka. Shekaru ake yi ana koyon wannan, yawanci a hannun uba. Can gefe masu kakaki sun haɗa gaɓoɓin ƙarfen, sun ɗaga shi sama tare kamar an ba su umarni, su yi 'yar gajeruwar busa mai faɗin take, su sauke tare. Sanƙira na tsakiya yana cika abin da mawaƙi ya faɗa, yana duban fuskar sarki don ya ga inda magana ta sauka. Rediyo ba ya kawo ko ɗaya daga cikin wannan. Kyamarar da ke bin doki kuma tana wuce shi cikin daƙiƙa biyu.

Zamanin Seyni Kountché ne ya kamata a ce an dace. Kuɗin uraniyum sun shigo, an farfaɗo da samariya, aka buɗe bikin matasa na ƙasa karo na farko a nan Zindar a 1976, sannan ya riƙa zagaya manyan garuruwa. Télé Sahel ta fara watsa shiri ga jama'a a 1979. An yi gasar waƙa, gasar rawa, gasar wasan kwaikwayo, ƙungiyar su Yazi Dogo ta yi suna daga Zindar har masu bincike suka zo daga Amurka suna rubutu a kanta. Kiɗa ya hau allo fiye da kowane lokaci. Sai dai ubangida ne ya canza, tsarin yana nan. Yanzu gwamnati ce mai waƙa. An ba ka jigo, haɗin kan ƙasa ko noma ko dashen itace, an ba ka mintuna, an jera ku kan dandamali cikin anko. Wanda ya ga shirye-shiryen wancan lokaci zai tuna yadda kyamara kan bar mawaƙi a tsakiyar baiti ta koma kujerun gaba ta nuna manya suna tafi. A filin kokawa ma, wanda aka fara gasarsa ta ƙasa a Tawa a 1975, makaɗa ne ke tsima 'yan kokawa, amma sai dai ka ji su, ko ka hango su a gefen allo.

Wanda ya fi kusa da abin da nake nema shi ne Inoussa Ousseini, haifaffen Zindar a 1949, abokin aikin Rouch. Ya ɗauki jerin fina-finai kan bukukuwan gargajiya, cikinsu har da Wasan Kara na 1980, wasan nan da samarin Damagaram ke kwaikwayon sarakuna da manyan gwamnati. Daga baya aikin hukuma da jakadanci suka ja shi, ko da yake ya kafa dandalin fina-finan gaskiya a Yamai a 2006 wanda ya reni matasa da dama kafin rasuwarsa a 2021. A 1982 kuma Mahamane Bakabé ya yi Si les cavaliers a kan abin da ya faru a 1906, daga rubutun André Salifou, shi ma ɗan Zindar. Rahmatou Keïta ta kafa labarin Zin'naariyâ! na 2016 a masarautar Damagaram. Malam Saguirou ya yi La Robe du temps a 2008 a kan magajin sarautar mahautan garin. Dubi jerin nan: sarakuna, gimbiya, mahauta, 'yan wasa, matasan unguwa. Kowa ya samu nasa. Mai busa bai samu ba.

To, ga dalilan da ake kawowa, kuma na sha jin su. Na farko shi ne addini: wai Damagaram garin malamai ne, kiɗa abin kunya ne, ba mai son a ga ya ɓata kuɗi a kan maroƙi. Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya ba. Kowa ya san yadda wa'azi ya tsananta a kan kiɗa tun shekarun 1990, an ga hukumar tace fina-finai ta Kano daga 2001, an kuma ga yadda aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Zindar a tarzomar Janairun 2015, wurin da ke cikin 'yan ɗakunan kallo da wasa da suka rage a garin. Amma wannan bayani ya makara. Bai gaya mana abin da ya hana a yi fim ɗin a 1965 ko 1980 ba. Sukar malamai a kan ganga tsohuwa ce, shugabannin jihadin Sakkwato sun yi ta da kakkausar murya, Damagaram ba ta ma taɓa shiga ƙarƙashinsu ba, kuma ko a cikin daular tasu tambari bai daina tashi ba. Misira fa? Ummu Kulsum 'yar limamin ƙauye ce, ta fito a fim shida tsakanin 1936 da 1947, Azhar na tsaye a ƙasar.

Na biyu shi ne talauci. Wannan ma bai riƙe ruwa ba. Nijar na cikin ƙasashen da suka fara yin fim a Afirka ta Yamma. Moustapha Alassane ya fara tun 1962, Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1972 da Le Wazzou polygame. A shekarar ce ƙaramin tsibirin Jamaika ya fitar da The Harder They Come, fim ɗin Jimmy Cliff da ya kai kiɗan rege duniya. Na riga na faɗi abin da Rouch ya yi da nadi guda.

Na uku shi ne wanda 'yan Damagaram suka fi so, wato Yamai ta cinye komai. Nan na yarda da rabi. Cibiyar bincike, gidan rediyo, talabijin, cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da aka buɗe a 1989, duka suna can, kusan kilomita 900 daga nan, kuma da hedikwata ba ta tashi ba a 1926 da labarin ya bambanta. Amma 'ya'yan garin nan sun je sun koyo sun dawo da kyamara a hannu, na lissafa su a sama. Nisa bai hana su ɗaukar mahauta ba.

Abin da ya haɗa manyan fina-finan kiɗa na duniya shi ne an yi su ne bayan da mai sayen tikiti ya zama ubangida. Wanda ya biya kuɗin shiga Woodstock, ko ya sayi faifan tsofaffin Habana kafin Wim Wenders ya yi musu fim a 1999, mawaƙi yake son gani, don haka kyamara ta juya ta dubi mawaƙi. A nan kuwa, har gobe, wanda ya biya shi ake wa waƙa, kuma shi ake son gani. Ka je biki a Zango ko Sabon Gari ka tsaya bayan mai bidiyo. Zabiya ta kama sunan uwar amarya, kalangu ya ɗauka, mata sun taso. Idon kyamara yana kan hannun da ke zaro takardun jikka-jikka daga jaka yana mannawa a goshi, yana kan leshi, yana kan sarƙa. In yaron ya yi kuskure ya daɗe a kan makaɗa, nan take za ka ji wata ta daka masa tsawa: "Kai mai bidiyo, Hajiya ta fito, ɗauko ta!" Abin da zai rage na mai kalangu a cikin kaset ɗin shi ne gwiwar hannunsa tana matsa tsarkiya a kusurwar hoto, sauti kuma lasifika ta riga ta farfasa shi. Ba laifin yaron ba ne, ya san wanda zai sallame shi. Waƙoƙin siyasa na yanzu ma haka suke, fuskar ɗan takara ta fi ta mawaƙi yawa a allo.

Za a ce ai fina-finan Kano, waɗanda muke kira dandalin soyayya, cike suke da waƙa. Haka ne, tun daga Sangaya a 1999 waƙa ce ke sayar da fim, kuma 'yan kallo ne ke biya. Amma salon Indiya suka ɗauko: jarumi da jaruma na motsa baki, mai muryar yana ɓoye a ɗakin naɗi, fiyano ya maye gurbin ganga. An sake raba murya da fuska, wannan karon da gangan. Shi ya sa da Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, abin da ya rage na hotonsu mai motsi galibi guntayen shirye-shiryen talabijin ne da na biki. Shata littafi ya samu, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006.

Akwai fim guda da nake kafa hujja da shi, kuma ba a Damagaram aka yi shi ba. Elhaji Sani Magori, mutumin Galmi, ya fitar da Koukan Kourcia a 2010. Jarumarsa tsohuwar zabiya ce, Hussey, wadda a zamanin tashenta waƙoƙinta ke zuga samari su tafi ci-rani bakin teku, wanda ya zauna gida ya ji kunya. Mahaifin mai fim ɗin yana cikin waɗanda suka tafi Abijan suka daɗe ba su dawo ba. Sai ɗan ya je ya lallashi tsohuwar, ya ɗauke ta suka kama hanya, don muryar da ta kori maza daga gida ta je ta kira su su dawo. Me ya sa wannan ya yi aiki? Domin a karon nan babu mai doki. Mai kyamara ne da kansa ke da buƙata a wurin mawaƙiya, ita ce mai abin bayarwa, shi ne mai roƙo. Dole ya dube ta: yadda take zama, yadda take jan numfashi kafin ta ɗauki waƙa, yadda fuskokin 'yan ci-rani ke sauyawa in ta fara. Bai buƙaci kuɗin Wenders ba, kuma malamai ba su hana shi ba.

Agadas ta bi ta wata ƙofar. Masu jita na Abzinawa sun samu masu sayen tikiti a Turai da Amurka, sai kyamara ta biyo su: an yi wa Bombino fim a 2010, Christopher Kirkley ya yi na Mdou Moctar a 2015 yana bin sawun Purple Rain na Prince, da kuɗin da masoya suka tara ta intanet. Malam Maman Barka, ɗan Taskar a jihar Damagaram, malamin makaranta da ya yi suna da gurumi, ya kusa shiga wannan ƙofa. A 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon Buduma da ya rage da sanin biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar da ke kama da kwalekwale. Ya koya, dattijon ya ba shi nasa, ya fitar da faifai a Ingila a 2009, ya zaga ƙasashe tare da makaɗinsa Umaru Adamu. Labari ne da ke neman mai fim da hannu biyu. Ya rasu a Nuwambar 2018.

Ba na cewa sai an kori sarki daga hoto kafin a yi fim ɗin makaɗan fada, hakan ma ƙarya zai zama, don ba a raba su. Satyajit Ray na Indiya ya nuna hanya a Jalsaghar tun 1958. Labarin wani basarake ne da ke ƙarar da ragowar dukiyarsa wajen gayyato makaɗa, don kada maƙwabcinsa sabon mai kuɗi ya fi shi. Ubangida ne tsakiyar labari, amma in an fara wasa sai Ray ya kafa kyamara a kan masu yi ya bar su su gama, har da Bismillah Khan, sarkin busa shenai, 'yar'uwar algaitarmu. Wanda ya san yadda attajirai da 'yan siyasa suka karɓe makaɗa daga hannun fada zai ga Damagaram a cikin fim ɗin nan ba tare da an fassara masa ba.

Yanzu kowa na da kyamara a aljihu. Ranar hawan salla wayoyi sun fi dawaki yawa a ƙofar fadar Sarki Abubakar Sanda, kafin magariba an cika Facebook da WhatsApp. Na kan bi su ina dubawa, kuma tsohuwar ɗabi'ar tana nan: rawani, laima, doki, sai a ji algaita na tashi daga wani wuri da ba a nuna ba.

Sauran fata yana ɗakunan ajiya. Soul Power na 2008 an haɗa shi ne daga abin da aka ɗauka a Kinshasa a 1974. Summer of Soul, wanda ya ci Oscar a 2022, daga kaset ɗin bikin Harlem na 1969 aka yi shi, bayan sun yi kusan shekara 50 a ajiye, mai ɗaukarsu Hal Tulchin ya rasu a 2017 bai ga fitowarsa ba. Abin da ya cece su shi ne tun farko an ɗauke su ne da niyyar sayar wa 'yan kallo, don haka idon kyamara na kan dandamali. Duk wanda ya samu izinin buɗe abin da ya rage na bukukuwan matasa da hawan salla a gidan talabijin na Yamai, ina roƙonsa ya shiga da agogo, ya ƙirga mintin da aka ba mai busa da mintin da aka ba kujerun gaba. In lissafin ya ƙaryata ni, zan fi kowa murna, don a lokacin akwai abin da za a haɗa fim da shi.